Jam'iyyar da ta taɓa aljihun mutane, tana tsira a akwatin zaɓe?

Tela_Muchiya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu bibiyar siyasar waje, musamman malamanmu na Samaru da Kongo. Daren jiya mun kai kusan awa guda a waya da ƙanena da ke aikin jinya a Ingila. Tunda ya tafi bai taɓa fashin aiko wa Inna kuɗin magani ba, amma daga 2023 zuwa yanzu abin ya ragu sosai, ni nake cikawa daga ɗinki. Ban taɓa tambayarsa dalili ba sai jiya. Ashe bashin gidan da ya ɗauka ne ya shaƙe masa wuya. Kuɗin ruwan da aka yanka masa na shekara biyu ne, da wa'adin ya cika aka sake masa lissafi, abin da yake biya duk wata ya ƙaru da kusan fam 400. Ya ce a wurin aikinsu kowa kukan da yake yi ke nan, kuma shi ya sa aka yi wa jam'iyyar Conservative mummunan kaye a zaɓen 2024 bayan shekara 14 tana mulki.

Ga inda muka saɓa. Shi ya ce ƙa'ida ce, duk jam'iyyar da ta taɓa aljihun mutane sai ta kwashi kashinta a hannu. Ni na ce a can dai. Mu nan an taɓa aljihu, an taɓa tukunya, har kuɗinmu na banki an hana mu, kuma ban ga wanda ya biya ba. Waye da gaskiya tsakaninmu? Sannan da gaske ne 'yan mazan jiya, wato irin su Conservative, abin ya fi kayarwa?

Dan_Kwangila:
Wa alaikumus salam. Kai ne da gaskiya Yaya Tela. Can ƙuri'a tana aiki, nan taliya da atamfa ke aiki ranar zaɓe. Da idona na gani a rumfarmu.

Malam_Samaru:
Malam Tela, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Kafin mu yanke wa kowa gaskiya bari na faɗi abin da ya faru, don da yawa sun ji sunan Liz Truss amma ba su san me ta yi ba.

Liz Truss ta jam'iyyar Conservative ta zama firaministar Birtaniya ranar 6 ga Satumban 2022. Ranar 23 ga watan ministan kuɗinta, Kwasi Kwarteng, ya tsaya gaban majalisa ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45, har da soke harajin kashi 45 cikin 100 da masu manyan albashi ke biya. Daga ina za a cike gurbin? Bashi. Suna da ofishi mai zaman kansa da aikinsa shi ne ya duba lissafin kasafi ya faɗa wa jama'a ko zai tsaya da ƙafarsa, amma aka gabatar da wannan ba tare da hasashensa ba. Masu ba gwamnati bashi suka tsorata. Ranar Litinin 26 ga wata fam ya faɗo kusan dala 1.03, bai taɓa yin ƙasa haka ba a tarihi. Ranar 28 babban bankin Ingila ya shigo da alkawarin sayen takardun bashin gwamnati har na fam biliyan 65, don asusun fansho sun fara tangal-tangal. A makon nan bankuna suka janye ɗaruruwan tayin bashin gida, da suka dawo da su sai da tsada. An kori Kwarteng ranar 14 ga Oktoba, ita kuma ta sanar da murabus ranar 20. Kwana 49 ta yi gaba ɗaya.

Zaɓen 4 ga Yulin 2024 ya zo, jam'iyyar da ta samu kujeru 365 a 2019 ta tashi da 121. Ita kanta Truss ta rasa mazaɓarta da tazarar ƙuri'a 630.

Daliba_Shika:
Malam a gafarce ni, ban gane alaƙar takardun bashin gwamnati da fanshon tsoho ko gidan ƙanen Yaya Tela ba. Gwamnati ce ta ci bashi, me ya kawo su ciki?

AbuSadiq_PZ:
Ƙanwata, na yi aikin banki shekara tara, bari na gwada. Gwamnati idan za ta ci bashi takarda take bayarwa, ta ce ka ba ni kaza, zan riƙa ba ka kaza duk shekara. Idan mutane suka fara shakkar lissafinta sai masu riƙe da takardar su yi ta neman kai da ita, farashinta ya karye, sabon bashi kuma ba wanda zai ba ta sai da ruwa mai yawa. To bankuna da wannan ruwan na gwamnati suke auna nasu. Tunda gwamnati ma, wadda ta fi kowa aminci, ana cajinta da yawa, ina ga ma'aikacin jinya? Su kuma asusun fansho sun jinginar da irin waɗannan takardu sun karɓi kuɗi. Da darajarsu ta faɗi aka ce su kawo ƙarin jingina nan take, suka shiga sayar da takardun don samun tsabar kuɗi, sayarwar ta ƙara karya farashin. Kamar ranar kasuwa ce kowa ya fito da masararsa lokaci guda don ana bin sa bashi.

Daliba_Shika:
Na gane yanzu. Allah ya saka da alheri Yaya.

Bazazzagiya_Manchester:
Ina nan lokacin, kuma ina son na ɗan yi gyara. Malam_Samaru bai faɗi ƙarya ba ko ɗaya, amma ba Truss kaɗai ta ƙara wa ƙanen Yaya Tela fam 400 ba. Tun Disambar 2021 babban banki ke ɗaga kuɗin ruwa, daga kashi 0.1 har ya kai 5.25 a Agustan 2023. Yaƙin Yukren ya sa gas ya yi tsada, hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022. Ko ba ta zo ba da ya ji a jikinsa. Sai dai mutane ba sa riƙe lissafi, fuska suke riƙewa, ita kuma ta ba su fuska da rana da wata.

Kuma kafin ita an riga an cika. Boris Johnson, firaministan da ta gada, ya kulle mutane a gida lokacin korona, wasu ba su samu binne iyayensu yadda ya kamata ba, sai ga shi ana shagali a ofishinsa. Ga layin ganin likita na watanni. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, ta haura tamanin, tun tana budurwa Conservative take zaɓa. A hunturun 2022 na sha samunta da safe sanye da riguna uku da safar hannu a cikin falo, ta kashe na'urar ɗumama ɗaki don tsoron kuɗin gas. Ranar zaɓe na ce ko na raka ta rumfa, ta ce ba inda za ta. Ba ta iya zaɓar Leba, babbar jam'iyyar adawa a lokacin, ba ta kuma iya sake ba nata. Irinta suna da yawa.

Malam_Samaru:
Na karɓi gyaran, Hajiya. Alƙaluma ma suna bayanki. Leba ta samu sama da kujeru 400 da kusan kashi 34 cikin 100 kacal, ƙuri'unta ba su ma kai waɗanda ta samu a 2019 da ta sha kaye ba. Conservative ce ta zube, daga kusan miliyan 14 zuwa ƙasa da miliyan 7. Da yawa suka tafi jam'iyyar Reform ta Nigel Farage da ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, wasu suka koma Liberal Democrats da ta samu kujeru 72, wasu suka zauna a gida kamar tsohuwarki. Nasu ne suka guje su.

Almajirin_Kona:
Ni kalmar ce ke damuna tun farkon zancen. Mazan jiya a wurinmu yabo ne, su ne waɗanda suka tsaya a fagen fama. Ya za a ɗauki wannan suna a ba jam'iyyar da ta yi caca da fanshon tsofaffi? Ko masu ra'ayin riƙau da rediyo ke cewa bai dace da abin da matar nan ta yi ba, mai riƙau ai ba ya sakin na hannu ya kama na guje. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, tushen duk wannan riba ce. Malam Tela, ka yi wa ƙanenka nasiha. Gidan da aka gina a kan ruwa, ranar da ruwan ya motsa sai gidan ya motsa.

Bazazzagiya_Manchester:
Allah ya gafarta Malam, maganarka gaskiya ce kuma muna jin nauyinta. Akwai tsarin sayen gida na Musulunci a nan, banki ya saya tare da kai kana biyan haya kana sayen kasonsa a hankali. Amma kuɗin farko da suke nema yana da nauyi, hayar ma takan tashi idan kasuwa ta tashi. Wanda ke haya zalla shi ma bai tsira ba, mai gida ya ɗora masa abin da banki ya ɗora masa. A yi mana addu'a, ba son rai ke kai da yawa ciki ba.

Mai_Zaure:
Maganar riba babba ce, a buɗe mata nata zaren. A nan a tsaya kan tambayar Malam Tela.

Lauya_Kongo:
Tambaya ta biyu ba a taɓa ta ba, wato ko masu riƙau abin ya fi ci. Ni ina ganin eh, kuma hujjata 1992 ce. A Afrilun shekarar John Major ya ci zaɓe da ƙuri'a sama da miliyan 14, babu jam'iyyar da ta taɓa tara haka a Birtaniya. Wata biyar bayan nan, ranar Laraba 16 ga Satumba, 'yan kasuwar canji suka yi wa fam rubdugu. Lokacin an ɗaure darajarsa da kuɗin Jamus, gwamnati ta rantse ba za ta bari ya faɗi ba. A yini ɗaya ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12, ta sanar da 15, ta zubar da biliyoyi tana sayen fam, da yamma ministan kuɗi Norman Lamont ya fito ya ce sun fice daga tsarin. George Soros shi kaɗai ya ci kusan dala biliyan 1. Ita ce ake kira Baƙar Laraba.

Ga abin lura. Bayan ficewar tattalin arzikin ya farfaɗo, kafin 1997 rashin aikin yi ya ragu, farashi ya lafa. Duk da haka Tony Blair ya kwashe kujeru 418 ya bar su da 165, suka yi shekara 13 a waje. Aljihu ya warke amma ba a yafe ba. Me ya sa? Don abin da suke tallar kansu da shi ke nan, cewa mu ne muka iya riƙon kuɗi, waɗancan ɓarnatarwa za su yi. Ranar da wannan suna ya fashe ba su da wata haja.

Maman_Hanifa:
Barista wannan ai labarin uwar adashi ne. A layinmu na Tudun Wada akwai matar da muka shekara bakwai muna zubi a hannunta, ba don ta fi mu kuɗi ba, don an san ta da riƙon amana. Sau ɗaya ta juya kuɗin zubi ta sayi kaya da niyyar ta mayar kafin ranar kwasa, kayan suka kwanta. Ta sayar da gadonta da firjinta ta biya kowa, ko kwabo ba wanda ya yi asara. Amma yau shekara huɗu ba wadda ta sake kai mata zubi. Muna gaisawa, muna zuwa sunanta da bikinta, kuɗi ne dai a'a. Da wata ce can da aka san ta da sakin hannu, da ba wanda zai ji ciwo haka, don tun farko ba za a ba ta ba.

Lauya_Kongo:
Hajiya kin faɗe shi fiye da yadda na faɗa.

Sani_Palladan:
Ban yarda ba, da girmamawa. Kuna zaɓar misalan da suka dace da ku ne. Rikicin bankuna na 2008 wa ya kayar a Birtaniya? Leba ta Gordon Brown, a 2010. A Sifaniya 'yan gurguzu ne ke mulki, aka kore su a 2011 aka kawo masu riƙau na Mariano Rajoy. Wanda aka samu da wuƙa a hannu shi ake kamawa, ko wace riga ya sa. Kuma maganar ba a yafewa, a Amurka fa? Bankin Lehman ya rushe ranar 15 ga Satumban 2008 ƙarƙashin Bush, Obama ya lallasa McCain na jam'iyyar Bush ta Republican, wakilan zaɓen shugaban ƙasa 365 da 173. Shekara biyu kacal, a 2010, 'yan Republican suka ƙaro kujeru 63 a majalisar wakilai suka karɓe ta. Aislan ma haka. Manyan bankunansu uku suka durƙushe a Oktoban 2008, mutane suka fito da tukwane da cokula suna bugawa gaban majalisa har gwamnatin Geir Haarde ta faɗi a Janairun 2009. Jam'iyyarsa ta masu riƙau ta sauko daga kujeru 25 zuwa 16. A 2013 ta dawo cikin gwamnati. Ina uwar adashin a nan?

Lauya_Kongo:
Malam Sani hujjarka tana da ƙarfi. Abin da zan ce, 2008 annoba ce da ta game duniya, kowace gwamnati tana iya cewa ba ni kaɗai ba ce. Na 1992 da na 2022 kuwa da hannunsu suka kunna, a rana sananniya, kowa yana kallo a talabijin. Gobarar da ta taso daga maƙwabta daban take da wadda mai gida ya kunna.

Sani_Palladan:
Na Aislan ma da hannunsu ne Barista. Su suka sayar da bankunan gwamnati suka sake musu linzami. Har kotu aka kai Haarde. Kuma aka dawo da su.

Baba_KofarDoka:
Yarana kun tafi Turai kun bar gida. Ni ɗan NPN ne, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma in akwai jam'iyyar riƙau a ƙasar nan ita ce, ta sarakuna da attajirai da manyan ma'aikata. 'Yan PRP haka suke zaginmu da shi a nan Zariya. A 1981 Awolowo ya yi gargaɗi cewa tattalin arziki na shirin nutsewa, mutanenmu suka ƙaryata shi. Man fetur ya karye, a 1982 Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu. Kamfanin da nake aiki ya rasa kayan gyaran injuna daga waje, aka sallami rabinmu. Sabulu, madara, sukari, sai ka san wani. Shinkafa ta koma hannun kwamitin Umaru Dikko. Duk da haka a 1983 muka ci zaɓe da rinjaye fiye da na 1979. Yadda aka ci, mu da muka tsaya a rumfuna mun sani, kuma ina neman gafarar Allah a kan nawa kason. Wata uku da rantsarwa, ranar 31 ga Disamba, soja suka karɓe. Abin da har yau yake min ciwo, da na fita Babban Dodo da safen nan mutane murna suke. Mutanen da muka ce sun zaɓe mu.

To Tela, hukuncin yana zuwa a nan ma. Da aka toshe masa ƙofar akwati sai ya shigo ta bariki, kuma wanda ya biya kuɗin ba mu kaɗai ba ne, ƙasa ce gaba ɗaya, shekara 15 da ɗoriya ƙarƙashin soja.

Tsohon_Dan_PRP:
Alhaji, yau ka faɗi abin da muka shekara arba'in muna jira. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Gyara ɗaya, dogon layin kayan masarufi da soja ke tsare da bulala na 1984 ne, kada yara su haɗa. Amma ƙarancin a zamaninku ya fara, wannan haka ne. Kuma kada a manta majalisarku ce ta tsige Balarabe Musa a 1981, mutumin da ko kwamishinoni kun hana shi naɗawa.

Baba_KofarDoka:
Ban musa ba Malam. Allah ya jiƙan Balarabe, ya fi mu gaskiya a kan dukiyar jama'a.

Dan_Kwangila:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma ni abin da ya fi ƙona min rai da jam'iyyar can, bayan sun faɗi wa suka ɗauko? Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas, ba ta da aiki sai aibata Najeriya. Har cewa ta yi ita Bayarabiya ce, ba abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa. Kashim Shettima ma sai da ya ce in ba ta alfahari da ƙasar ta cire Kemi daga sunanta. Allah ya ƙara nesanta su da mulki.

Bazazzagiya_Manchester:
Maganar ta yi mana zafi mu ma a nan, ƙanena. Amma zaɓenta a Nuwamban 2024 yana cikin amsar tambayar. Jam'iyyar ta ga miliyoyin nata sun bi Farage, sai ta ƙara matsawa wajen zafafa magana kan baƙi don ta dawo da su. Mu masu bizar aiki mu muke kwana da fargabar wannan. Rikicin kuɗi ya wuce, amma bakin da aka huce a kansa namu ne.

Mai_Zaure:
A dawo kan hanya jama'a.

Maman_Hanifa:
To bari na dawo da ita gida, don Yaya Tela ya ce bai ga wanda ya biya ba. Watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, ina sayar da waina da miyar taushe. Masu saye kuɗinsu na cikin waya, mai kawo min shinkafar tuwo daga ƙauye ba shi da asusu, ya ce sai tsaba. Na je wani banki a PZ tun kafin a kira assalatu, aka rubuta min lamba 214 a bayan hannu da biro. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, aka ba ni naira 3,000 cikin kuɗina. Wajen mai POS kuwa sai ka bar masa 2,000 kafin ya ba ka 10,000. Kwana goma sha ɗaya ban ɗora tanda ba. Maƙwabciyata naƙuda ta kama ta da dare, mai Keke ya ce ba ya karɓar tiransifa don shi ma mai gidan mai ba ya karɓa, sai da muka bi gida-gida muna tara ɗari biyu-biyu.

Ranar zaɓe na fita da wannan lambar a raina. Tun 2015 jam'iyya ɗaya nake yi, ranar na canja. Kuma ba ni kaɗai ba, Atiku ne ya ci jihar Kaduna, sanatoci ukun duka PDP ta kwashe. Kada a ce ƙuri'armu ba ta cizo.

Dan_Kwangila:
Anti ta ciza, amma wa ke Abuja? Wa ke gidan Sir Kashim, gidan gwamnatin Kaduna?

Malam_Samaru:
Tambayar Dan_Kwangila tana da amsa, kuma tana da alaƙa da abin da Hajiya ta Manchester ta ce game da fuska. A Ingila fushi ya samu adireshi ɗaya. A nan fa? Gwamnatin APC ce ta yi canjin kuɗi, amma ɗan takarar APC yana kan dandamali yana cewa shi aka yi wa. Gwamnanmu na lokacin, El-Rufai, tare da na Kogi da Zamfara, su suka kai gwamnatin tarayya kotun ƙoli, kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Jam'iyya ɗaya ta zama ita ce mai dukan, ita ce mai ceto. Na biyu, adawa ta rabu uku. Tinubu ya ci da kusan miliyan 8.8, Atiku na da kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso miliyan 1.5. Kusan mutum biyu cikin uku ba su zaɓi wanda ya ci ba. Kujerar gwamna a nan kuwa tazarar ba ta wuce dubu goma da 'yan kai ba.

Kuma muna da 2015. Gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 50 a farkon 2015, aka rage darajar naira, jihohi suka fara kasa biyan albashi. PDP mai shekara 16 ta faɗi. Ba zan ce kuɗi kaɗai ba ne, Boko Haram da 'yan matan Chibok sun fi nauyi a Arewa, amma ya taimaka.

AbuSadiq_PZ:
Malam, ga wanda bai ciji kowa ba. A 2007 mu ma'aikatan banki aka ba mu adadin hannun jarin da za mu sayar. Na shawo kan kawuna ya sayar da filinsa a Dogarawa ya zuba. A 2008 kasuwar hannun jari ta rushe. A Agustan 2009 gwamnan babban banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya kori shugabannin bankuna biyar ya zuba naira biliyan 420 don kada su mutu, daga baya aka ƙara wasu. Takardun kawuna suka koma ba su kai kuɗin buhun siminti goma ba. Ya rasu bai sake maganar da ni ba, wannan shirun har yau yana bina. Zaɓen 2011 ya zo, ko a rumfa ɗaya ban ji an ambaci hannun jari ba. Dalili, mu nawa ne muke da shi? A Ingila miliyoyin gidaje ke kan bashin banki, kuɗin ruwa ya motsa kowa ya ji a wata mai zuwa. Mu namu ma'aunin litar fetur ce da kwanon masara.

Manomin_Bomo:
Kwanon masarar ma ba ɗaya ba ne Alhaji. Shekarar da masara ta yi tsada kuna kuka a gari, ni a shekarar na biya bashina na rufa ɗaki da kwano. Da ta karye kuna hamdala, ni buhun taki ya fi ƙarfin buhun masarata a kasuwar Giwa. Aljihun wa za a bi a yi hukunci, nawa ko na Maman Hanifa?

Sani_Palladan:
Ga kuma wanda ya fi duka. Wa za ka hukunta? A Ingila Conservative tana nan da sunanta kusan shekara 200, ta yi laifi ka same ta a inda ka bar ta. A nan ka kayar da jam'iyya yau, kafin shekara mutanenta sun sauya sheƙa suna cikin wadda ka zaɓa. Sanatocin da Anti ta ce an zaɓa don fushi, a je a duba ina wasunsu suke yanzu.

Maman_Hanifa:
Wannan kam ya yi min ciwo Malam Sani. Amma ko gobe aka sake rubuta min lamba a hannu zan sake fita. Ban san wata hanyar ba.

Tela_Muchiya:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka, na Baba sau biyu na karanta. Na tura wa ƙanena zaren. Ashe shi ma ya yi zaɓen, ban san ɗan Najeriya mai takardar zama yana da ƙuri'a a can ba sai yau, wai saboda ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Leba ya ba. Na ce to fam 400 ɗin sun dawo? Ya ce ba su dawo ba, kuma yanzu a wurin aikinsu sabuwar gwamnatin ake zagi. Ya ce na faɗa wa Almajirin_Kona ya ji nasiha, yana neman mafita. Har yanzu yana kan bakansa cewa ƙa'ida ce, ni kuma maganar Malam Sani ta sauya sheƙa ta ƙara zaunar da ni a kan nawa.

Lauya_Kongo:
Malam Sani, ban manta da Aislan ba. A 2013 abokiyar ƙawancensu ce ta karɓi kujerar firaminista, kuma ƙuri'arsu ba ta koma inda take kafin 2008 ba. Ka duba ka dawo, ina nan bayan isha'i.

Baba_KofarDoka:
Tela, wane magani Inna take sha? Ka same ni ta akwatin sirri, akwai ɗana mai kemis a Sabon Gari da ke sayarwa a farashin sari.